Kafin ka hau kan kwano: yadda ake gyaran rufi a sauko lafiya

A Kaduna ruwan farko ne ke tona asirin rufi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Mayu hadari kan haɗo ta gabas, iska ta riga ruwan isowa, ta bi unguwa tana ɗaga duk kwanon da kusarsa ta yi sako-sako. Washegari tun daga Rigasa har Kawo ba abin da kake ji sai ƙarar guduma. Kafintan da ka saba kira ya ce sai jibi, ranar ta zo ka ji wayarsa a kashe, ga bokitai an jera a tsakar ɗaki. A nan ne maigida kan ɗaga kai ya ce, "Kwano ɗaya ne fa, ai ba sai an kira wani ba."

Sau da yawa yana da gaskiya. Mayar da kusar da ta zare, toshe ƙaramin rami, share indararo, gyara zaman dish, duk ayyuka ne da mai lafiya zai iya yi da kansa. Abin da ake rainawa shi ne tsawon ginin. Bakin kwanon gida mara bene bai cika wuce ƙafa 10 zuwa 12 ba, ido na ganinsa ba wani abu ba ne. Amma wanda ya zame daga ƙafa 10 ba ya cika daƙiƙa ɗaya a iska, kuma yana isowa ƙasa da gudun kusan kilomita 28 a awa, galibi a kan siminti, bakin rijiya ko tulin bulo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin hanya a cikin mace-macen da ba da gangan ba.

Fara daga cikin ɗaki

Kwano ba ya ɗaukar mutum. Katakon da ke ƙarƙashinsa ne ke ɗauka: rafta, da tu-bai-tu ɗin da aka gicciya a kanta ana buga kwanon a jiki. Shi kuwa katakon nan ba a ganinsa daga sama. Saboda haka aikin farko a cikin silin yake. Buɗe ƙofar silin da rana, ka leƙa da tocila. Idan za ka shiga, ka taka katako kawai. Silin na roba, na kwali ko na filasta ba ya riƙe ko ƙaramin yaro.

Abu biyu kake nema. Na farko gara. Dubi bango ko akwai hanyar ƙasa da ta bi ta hau sama, sannan ka ƙwanƙwasa katakon da guduma. Lafiyayye yana amsawa da ƙarfi, wanda gara ta cinye kuwa sai ka ji shi fanko, in ka danna masa sukundireba ta shige. Ka fi mai da hankali inda ruwa ya daɗe yana ɗiga, domin nan katako ke ruɓewa. In ka sami rafta ko ɗaya a wannan hali a kusa da inda za ka yi aiki, maganar hawa ta ƙare. Wannan aikin kafinta ne, shi ma sai ya tokare ta daga ƙasa.

Na biyu shi ne ramin da kansa. Kashe tocilar, ka bari idonka ya saba da duhu, za ka ga hasken rana na shigowa ta kowane huji. Kada ka yarda da tabon da ke jikin silin: ruwa yakan shiga ta can sama, ya bi jikin katako ya gangaro, ya ɗiga a wani wuri daban. Da ka ga ramin, zari tsinken tsintsiya ka tura shi ta ciki har ya leƙo waje. In ka hau, tsinken na tsaye yana jiranka, ka nufe shi kai tsaye. Yawo a kan kwano ana neman inda ke yoyo shi ke lotsa shi, ya sassauta wasu kusoshin, a hau gyaran rami ɗaya a sauko an bar uku.

Daga nan fito waje ka ja da baya ka dubi rufin duka. Tsororuwar ta miƙe, ko ta lanƙwasa a tsakiya? Akwai sheƙar rina a ƙarƙashin bakin kwano? Rina ta sha sa mutum ya saki tsani.

Rufin da ba naka ba ne

Akwai rufin da ba a hawa, komai ƙanƙantar gyaran. Gidan bene. Rufin zamani mai tsayin tsororuwa, irin na sabbin gidajen Barnawa da Malali, wanda in ka ajiye guduma a kai sai ta zame. Kwanon da tsatsa ta ci har yana ɓarewa. Farar robar da ake sakawa a tsakanin kwano don haske ya shiga, wadda in ƙura ta rufe ta ba ka bambanta ta da kwano sai ƙafarka ta wuce. Sai kuma rufin asbesto mai launin toka, da har yanzu ake gani a tsofaffin gidajen gwamnati da na ma'aikatan reluwe: idan ya tsufa yana fashewa ba tare da ya lanƙwasa ya gargaɗe ka ba, ƙurarsa kuma tana jawo cutar huhu da daji, don haka ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a kankare shi. Soro na ƙasa da ya sha ruwa shi ma a bar shi ya bushe, a fara duba azararsa daga ciki.

Haka nan akwai mutumin da ba ya hawa: mai farfaɗiya, mai yawan jiri, mai hawan jini ko sukari da bai daidaita ba, wanda ya sha maganin mura mai sa barci, da mai azumi a tsakiyar zafi. Yaro kuwa sam. Ana yawan cewa "a tura wane, ai shi ba shi da nauyi." Rashin nauyinsa ba ya nuna masa inda katako yake, ba ya kuma hana waya kama shi. In kai ɗan haya ne, sanar da mai gida tukun, kada ka gyara masa rufi ya ce kai ka ɓata.

Waya

A unguwanninmu masu cunkoso wayar wuta ma tana kisa, kuma a nan mutane suka fi yin kuskuren lissafi. Ga kuskuren: mutum ya kashe babban makunni na gida ya ce ya kashe wuta. Abin da ya kashe na cikin gida ne. Wayar da ta taso daga fal, wato turken wuta na kan titi, ta bi ta bakin kwano ta zo mitar wuta tana nan da ranta. Ɗaya kuskuren shi ne "ai an ɗauke wuta." Ba a yi maka alkawarin lokacin da za a dawo da ita ba, kuma maƙwabcin da ya haɗa janareta ba daidai ba yana iya turo wuta cikin layin. Duk wayar da ka gani ka ɗauka akwai wuta a jikinta.

Tsaya a tsakar gida ka bi kowace waya da ido, daga inda ta taso zuwa inda ta shiga, har da ta maƙwabta da aka ratso ta saman rufinka. Manyan wayoyin nan na kilobolt 11 da 33 da ke bin tituna tsirara suke, ba sai ka taɓa su ba, matsowa kusa kawai ya isa wuta ta tsallako. Bar aƙalla ƙafa 10 tsakaninsu da jikinka da duk abin da ke hannunka, tsani ne, kwano ne, rodi ne ko bututu. In gidanka yana ƙarƙashin irin wannan layi, ko a gefensa har ba za ka sami wannan tazarar ba, kada ka hau.

Wani lokaci kwanon ne da kansa ke ɗauke da wuta, saboda bakinsa ya yanke robar waya. Alamar ita ce ƙarfen taga ko ƙofa na jan mutane idan an yi ruwa. In ana jin haka a gidan, mai gyaran wuta za a fara kira. Ko babu alama, ɗora testa a bakin kwano kafin ka kai hannu. In ta kawo haske, sauko. Masu sola kuma su sani cewa faranti na ba da wuta muddin rana na dukansa, ko an kashe inbata. Ba a taka shi, ba a zare masa waya.

Lokaci, sutura, da maƙwabta

Mafi kyau a yi duban rufi da rani, wajen Fabrairu ko farkon Maris, kafin iskar farkon damina. In ya zama dole cikin damina, jira raɓa ta bushe, ka hau da hantsi, ka sauko kafin rana ta take. Kwanon azahar yana ƙona tafin hannu, kuma hadarin Kaduna ya fi haɗowa da yamma. Jiƙaƙƙen kwano santsi ne, ƙurar hunturu ma haka. Da ka ji tsawa, ko daga nesa, ko ka ji iska ta juya ta yi sanyi, bar kayan ka sauko, kuma kada ka koma sai an yi rabin awa ba a ji wata ba.

Cire jallabiya, cire kaftani. Iska na cika su, kusa na kama su, ƙafarka na taka bakinsu a kan tsani. Wando da ƙaramar riga, da kambas mai ƙasan roba da aka ɗaure igiyarsa. Silifas yana kayar da mutane, ƙafa tsirara kuma kusa da zafi na jiranta. Sa safar hannu, bakin kwano yana yanka kamar reza.

Sannan ka aika maƙwabta. Wanda ke kan rufi yana ganin tsakar gidan mutane, da madafarsu, da banɗakin da ba rufi. Tura yaro ya yi sallama ya ce, "Wai in ji Baba, za a hau sama a duba kwano, a gaya wa mutanen gida." Hakkin maƙwabtaka ne, kuma yana hana wani ya ji motsi a kan rufi ya yi ihun ɓarawo kana tsaye a bakin kwano.

Kada ka hau kai kaɗai a gida. Babban mutum ɗaya ya tsaya a ƙasa daga farko har ƙarshe, aikinsa tsani da kai, ba wayar hannu ba. Shi zai kori yara da awaki daga wurin.

Tsani

Yawancin tsanin da ke yawo a unguwa na katako ne da kafinta ya haɗa, ana aronsa gida-gida, ana jingine shi a rana da ruwa. Kwantar da shi a ƙasa ka duba mataki ɗaya-ɗaya. Matakin kirki yana zaune ne a cikin gurbin da aka sassaƙa masa, ko a kan ɗan katakon da aka tokare shi da shi. Wanda aka manna a fuska da kusa biyu, duk nauyinka a kan kusoshin nan yake, su kuwa sun yi tsatsa a ciki inda ba ka gani. Taka kowanne, murɗa shi da hannu. In ɗaya ya yi motsi, ko akwai tsaga a dogon katakon gefe, gyara shi ko ka nemi wani. Na alminiyom ya fi sauƙin ɗauka amma yana ɗaukar wuta; jiƙaƙƙen katako ma yana ɗauka. A kwance ake yawo da tsani, ba a tsaye ba, saboda waya.

Tsawonsa fa? Dole kansa ya wuce bakin kwano da ƙafa 3, wato kamar mataki uku, don ka sami abin riƙewa wajen hawa da sauka. 'Yan katako, a kasuwar Fanteka ko ina, galibi ƙafa 12 suke yanka shi, tsanin unguwa ma haka yake fitowa. Bakin kwano mai ƙafa 10 kuwa yana son tsani mai ƙafa 13 zuwa 14. In naka ya gaza, ba a ɗora shi kan bulo, durom, tebur ko baro, ba a kuma ɗaure biyu su zama ɗaya.

Ka'idar jingina: kowace ƙafa 4 ta tsawo, ƙafa 1 daga bango. Tsawo 12, gindin tsani ya ja baya 3. In ba tef, sa yatsun ƙafarka a gindin tsanin, ka miƙe, ka miƙa hannuwanka gaba. Tafinka ya sauka daidai kan matakin da ke saitin kafaɗarka. In ya miƙe da yawa zai kife da kai baya, in ya kwanta da yawa gindin zai zame.

A ƙasa mai rairayi, haƙa wa ƙafafunsa ɗan gurbi ko ka kafa turke a bayansu. A kan siminti ko tayil, share ruwan wanki da gansakuka, mai riƙo ya taka gindin da ƙafarsa. A sama kuma kada ka jingina shi da leɓen kwanon da ke reto a iska ko indararon roba. Nemi faffaɗan katakon bakin rufi, daidai inda rafta ta ƙare. Hawan farko na ɗaure tsani ne: ɗaure dogayen katakan gefe biyu da igiya a jikin wani abu mai ƙarfi, kada ya sille gefe. In a gaban ƙofa za a jingina shi, kulle ƙofar.

Hawa, da tafiya a sama

Fuskanci tsani, hannu biyu babu komai. A kowane lokaci gaɓa uku na riƙe: hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Cibiyarka kada ta fita daga tsakanin katakan gefe. Kayan aiki a bokiti, ka jawo su da igiya bayan ka zauna. Waya a aljihu, in ta yi ƙara ta jira.

Da ka kai bakin kwano, kada ka tsallake ta saman tsani. Riƙe kansa, ka zagaya ta gefe, ka sa ƙafa a kan layin kusoshi na farko. Layin kusoshi shi ne taswirarka, domin duk inda ka ga an jera kusa akwai katako a ƙasa. Tsakanin layi da layi iska ce kawai da siririn ƙarfe. Mafi alheri ka jawo faffaɗan katako mai inci 12, wanda ka buga wa ƙananan katakai a gicciye, ka shimfiɗa shi ya haye layi uku, ka ɗaure shi kada ya gangara, ka yi aikinka a kansa. Yi ƙasa da jikinka, rarrafe ko tsugune. Kada ka ja da baya ba ka waiwaya ba.

Game da igiya, ɗaura ta a ƙugu a bar ta da tsawo ba ya hana komai a gida mara bene: za ka iso ƙasa kafin ta miƙe, in ma ta riƙe ka tana iya yi wa cikinka da bayanka illa. Amfaninta shi ne ta hana ka kaiwa baki tun farko. Samu bel na jiki duka, irin na masu hawa fal, ka wurga igiya mai ƙarfi ta tsallake tsororuwa, a ɗaure ta a ɗaya gefen a jikin bishiya ko ginshiƙin kankare. Ban da bututun ruwa, ban da sandar dish, ban da mota. Rage tsawonta yadda ko ka so ba za ka kai bakin kwano ba, ka sa tsohon buhu ko guntun taya inda take gogar ƙarfe. Ka tuna tana tsare ka ne a gefe ɗaya kawai. In ka tsallaka ɗaya gefen ba ta riƙe komai.

Gyaran kansa

Kusar da ta zare ba a mayar da ita ramin da ta fito, ya riga ya buɗe. Zare ta, ka sa ɗan katako a ƙarƙashin guduma kada ka lotsa kwano, ka buga sabuwa mai hula da roba a tudu na gaba, ka toshe tsohon ramin. Kullum a kan tudu ake buga kusa, kwari hanyar ruwa ce. Ƙaramin rami, kankare tsatsar, goge ƙura, tabbatar ya bushe, sannan ka manna tef ɗin nan mai kwalta da ake kira filashban, ka danne shi ya bi tudu da kwari. A kan ƙura ba ya kamawa.

Canza kwano ɗungurum aikin mutum biyu ne, ranar da babu iska, domin iska kaɗan ta isa ta fizgi kwano da mai riƙe da shi. Sabon ya shiga ƙarƙashin na sama, ya hau kan na ƙasa, su haɗu da aƙalla inci 6, a gefe kuma tudu ɗaya da rabi. Daga lokacin da ka cire tsohon akwai rami a gefenka, kada ka manta da shi. Duwatsu da tayoyin da ake dannewa da su kuwa a sauko da su da igiya. Suna tara ruwa su ruɓar da kwano, babbar iska kuma tana jefo su tsakar gida.

Sauka

Sauka ta fi hawa wuya, domin ka gaji kuma ba ka ganin mataki. Tura kaya ƙasa da igiya, ka kira mai riƙo, ka jira ya amsa. Riƙe kan tsani, juyo ka fuskance shi, nemi mataki da ƙafa ɗaya kafin ka ɗora nauyi. Har na ƙarshe, ban da tsalle. Kwantar da tsanin nan take kafin yara su gwada abin da suka gani, a tsince tsofaffin kusoshi.

In tsautsayi ya faɗa

In wani ya faɗo, abin da muka saba shi ne a ruga a ɗaga shi, a zaunar da shi, a ba shi ruwa. Duka ukun suna iya ƙarasa abin da faɗuwar ta fara. In yana kukan wuya ko baya, ko ba ya jin ƙafafunsa, ko ya suma, a bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu kada ya motsa, a kira lambar gaggawa 112. In dole ku ɗauke shi da kanku, mutum huɗu ko biyar su mirgina shi lokaci guda a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, kai da wuya da baya a miƙe, a sa shi a motar da zai kwanta. Ba a babur ba, ba a naɗe shi a keke ba. A danne inda ke zubar jini da tsabtataccen ƙyalle.

In waya ce ta kama shi, kada kowa ya taɓa shi da hannu. A kashe wutar in da hali. In ƙaramin layi ne a raba shi da ita da busasshen katako. In babban layi ne, kowa ya ja baya har a kashe shi daga tushe. Wanda ba ya numfashi, a fara danna masa ƙirji da ƙarfi da sauri har taimako ya zo.

Wanda ya tashi ya karkaɗe jiki ya ce ba komai, shi ma a kai shi asibiti, Barau Dikko, Yusuf Ɗantsoho, ko duk wanda ya fi kusa, musamman in kansa ya bugu. Amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, ba a kwana da su a gida. Karaya a ɗauki hoto tukun kafin a yi maganar mai ɗori. Yankan kwano ko sukar kusa kuma a wanke da ruwa mai yawa da sabulu, a je a tambayi allurar tetanus a ranar.